Ƙofa bakwai, mabuɗi ɗaya

Wata Talata ce cikin watan Mayun bara, lokacin da zafin Maradi ke sa alli ya jiƙe a hannun malami. Ina cikin aji ina gyara dikte sai wayata ta yi ƙara. Ba al'adata ba ce in ɗauki waya gaban yara, amma da na ga lambar ta Kwatano ce sai na fita bakin ƙofa. Wani tsohon ɗalibina ne da na koyar a aji shida shekara 15 da suka wuce, yanzu yana sayar da kayan gyaran babur a can. Ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya ce, "Mushe, ya jikin Mama? An yi aikin?"

Na ce, "Wane aiki? Lafiyarta lau, da safen nan ma ita ta dama mini koko." Ya yi shiru har na zaci rezo ne ya yanke. Can sai ya ce jiya da dare na rubuto masa ta Messenger cewa mai ɗakina tana asibiti, likita ya ce sai an yi mata aiki da gaggawa, albashi kuma bai faɗo ba, in yana da hali ya ranta mini jaka 50 zuwa ƙarshen wata. An ba shi wani suna da wata lamba, aka ce na ƙanen matata ne da ke jinyarta. Gari na wayewa ya tafi wurin masu aika kuɗi ya tura. Na ce, "Haba yarona, me ya hana ka kira ni tun jiya?" Ya ce, "Mushe, nauyi na ji. Na san ba ƙaramin abu zai sa ka buɗe baki ka tambaye ni ba. To in kira ka kuma in ce ka maimaita?"

Wannan amsar ta fi jaka 50 ɗin yi mini ciwo. Da kunyar yaron aka cuce shi, da kuma sunan da na yi shekara 20 ina tattalinsa a gaban tablo. Kafin la'asar na gano mutum tara aka rubuta wa. Wani ɗan ƙanen babana a Agadez ya tura jaka 15. Sauran Allah ya tsare su, kowa da dalilinsa. Daraktanmu ya ce shi tun a layin farko ya gane ba ni ba ne, don an rubuta hôpital babu hula a kan o, kuma ya san ko ina bakin mutuwa ba zan bar wannan hular ba.

Yadda aka shiga kuwa babu wani siddabaru a ciki. Kwana uku kafin nan wani ya turo saƙo cikin gurup ɗin malamai na WhatsApp, wai an fitar da jerin sunayen waɗanda za a biya cikon kuɗin ƙarin girma, kowa ya latsa ya duba sunansa. Wanda ya san malamin lakwal ya san babu tarkon da ya fi wannan kama shi. Na latsa. Shafi ya buɗe da tutar ƙasa a sama, ya ce kafin in ga jerin sai na shiga da asusuna na Facebook. Na rubuta adireshin imel ɗina, na rubuta kalmar sirrina, shafin ya yi ta juyawa bai nuna komai ba. Na ce rezo ne, na sa waya aljihu. Ashe shafin na ɓarayi ne, ba shi da alaƙa da wata hukuma balle da Facebook. Abin da na rubuta kai tsaye hannunsu ya faɗa.

Da nan abin ya tsaya, da da sauƙi. Amma mai wannan sana'a in ya sami mabuɗi ɗaya, sai ya bi ƙofofin gidan duka yana gwadawa. Ya gwada kalmar a imel ɗina na Gmail, ta buɗe. Imel kuwa shi ne ɗakin maigida, don can ake aiko saƙon gargaɗi da na sauya kalmar sirrin sauran asusai. Ya sauya ta Facebook, ya cire lambata ya sa tasa, ya share saƙonnin gargaɗin kafin in gan su. Imel ɗin na ƙwato shi a daren nan, saboda lambar wayata tana nan maƙale da shi. Facebook ɗin kuwa ya tafi ke nan. Laifina ne, don da sunan barkwanci na buɗe shi, sunan da babu shi a kan katina na ɗan ƙasa, sai na rasa abin da zan nuna in ce nawa ne. Hotunan shekara 12 suna ciki, har da na marigayi mahaifina a gonarmu, waɗanda ban ajiye a ko'ina ba.

Bari in faɗi kalmar, tunda ta riga ta mutu. Sunan ɗiyata ta fari ne, da shekarar haihuwata, 1981. Na zaɓe ta a 2009 a wani siber kusa da kasuwa, makon da aka yi sunan yarinyar, mai wurin yana tsaye a kaina yana ƙirga mintoci. Abin dariyar shi ne, a raina sunan sirri ne, domin ni ban taɓa furta shi ba. Kunyar ɗan fari ta hana. Ko a gida sai dai in ce "yarinyar nan" ko "ke". Na manta cewa abin da bakina ba ya faɗa, unguwa duka tana kiransa safe da yamma. Da na sayi babbar waya a 2016, yaron da ya buɗe mini Gmail a rumfarsa ya ce, "Baba, wace kalma za a sa?" Na rubuta masa a bayan kwalin wayar, ya karanta da ƙarfi don ya tabbatar, ga mutane huɗu zaune kan benci suna jiran cajinsu.

A daren da abin ya faru na ɗauki kaye na lissafa wuraren da na sa wannan kalma. Bakwai ne: Facebook, Gmail, tsohon imel ɗin siber, shafin wani horon malamai daga nesa, manhajar banki, wani shafin neman aiki da na yi wa ƙanena rajista, da kwamfutar buron darakta. Inda kuma aka ce lamba huɗu ake so, wato makullin waya da katin banki da asusun kuɗi na waya, 1981 ce duka.

Washegari a hutun ƙarfe goma, muna zaune ƙarƙashin bedi, na ce wa abokan aiki kada kowa ya faɗa mini kod ɗinsa, irinsa kawai nake son ji. Mu 11 ne. Huɗu shekarar haihuwa. Biyu ƙarshen lambar wayarsu. Ɗaya 1234, ta ce haka aka ba ta, ba ta taɓa ba. Uku kuwa suka ce rana da watan haihuwa, sai muka dubi juna muka kwashe da dariya, domin su ukun duka ranar 1 ga Janairu aka haife su. A takarda ke nan. Duk wanda aka haifa a ƙauye aka yi masa takardar haihuwa daga baya a gaban alƙali, da wuya ka ga ba 01/01 aka rubuta masa ba. Ɓarawon da ya tsinci katin banki a ƙasar nan, in ya fara da 0101 bai yi wauta ba. Lamba huɗu tana ba da zaɓi 10,000, amma mu da hannunmu mun mayar da su ƴan ƙalilan. Ranakun shekara 366 ne in ta cika, shekarun haihuwar masu aiki yau kuma, daga 1960 zuwa 2009, guda 50 ne kacal.

Kada mai karatu ya ce mu kaɗai ne. Tun farkon shekarun 1960 da Fernando Corbató ya sa wa babbar kwamfutar jami'ar MIT ta Amurka kalmar sirri don kowane mai amfani da ita ya tsare fayilolinsa, ba a jima ba wani ɗalibi ya buga jerin kalmomin duka a takarda don ya ƙara wa kansa lokaci a kan na'urar. A 2009, shekarar da nake zaune a siber ɗin nan, an fasa wani kamfani mai suna RockYou aka kwashe kalmomin sirri sama da miliyan 32, a rubuce tsirara, kuma wadda ta fi yawa a cikinsu ita ce 123456. Shekara goma bayan haka hukumar tsaron intanet ta Ingila ta duba kalmomin da aka sace a duniya, ta sami 123456 a asusu sama da miliyan 23, a cikin sunayen ƙungiyoyin ƙwallo kuma Liverpool ce kan gaba. A Faransa ana yawan samun azerty, haruffa shida na farkon layin sama na allon rubutunsu, wanda mu ma shi muka gada. Na tabbata da za a tona namu, za a tarar da bismillah da Barcelona da sunan Issaka Issaka jere a sahu.

Akwai abin da na jima ban gane ba, kuma shi ne gindin maganar. Na ɗauka mai satar kalmar sirri zama yake yi yana cinka ɗaya bayan ɗaya, kamar yaro a bakin kwaɗon keke. Ba haka ba ne. Kamfanonin kirki ba sa ajiye kalmarka yadda ka rubuta ta. Niƙa ta suke yi da lissafi ta koma wani dogon garwayen lambobi da haruffa, kamar yadda gyaɗa in ta zama tunkuza ba ta komawa ƙwaya. In ka zo shiga, sai a niƙa abin da ka rubuta a gwada da wanda ke ajiye. To in ɓarayi suka kwashe rumbun, su ma injin niƙa gare su. Sai su zuba masa sunaye da shekaru da duk kalmomin da aka taɓa sacewa, yana niƙa miliyoyi a daƙiƙa, duk wadda ta dace da ta rumbun sun same ta. Suna haɗe da shekara ba ya ɗaukar su lokacin shan shayi. Daga nan sai su ɗauki adireshin da kalmar su bi manyan shafuka suna gwadawa, na'ura ce ke yi, ba ta gajiya. An fasa LinkedIn a 2012, sai a 2016 aka gane asusun da abin ya shafa sun haura miliyan 100. Yahoo ya bayyana a 2017 cewa fashin da aka yi masa a 2013 ya taɓa asusunsa duka, miliyar 3. Wanda ya san yadda adireshin yahoo.fr ya cika siber-siber ɗinmu a wancan zamani ya san mu ma ba a nesa muke kallon wannan ba.

Wani ɗan Ostireliya mai suna Troy Hunt ya buɗe shafi a 2013, Have I Been Pwned, inda mutum ke rubuta adireshin imel ɗinsa ya ga ko yana cikin waɗanda aka kwashe. Kalmar sirri ba a tambayarka, adireshin kawai. Na sa tsohon nawa, ya fito a wuri biyu, ɗaya ma na manta na taɓa yin rajista a can. Ke nan tun kafin saƙon cikon kuɗin nan, mabuɗina yana yawo a hannun mutanen da ban sani ba.

Da farko na ce ai maganin a hannuna yake. Ni da na yi allo kafin lakwal, na haddace teburin ninkawa da manyan biranen Afirka, a ekol normal ta Damagaram kuma ana misali da ƙwaƙwalwata, kalma bakwai za ta gagare ni? Na zauna na ƙirƙiro su irin waɗanda shafuka ke so, babban harafi da ƙarami da lamba da alamar tambaya. Cikin mako biyu na manta uku. Hadda tana zama ne da ma'ana da tilawa, abin da kuwa ba shi da ma'ana kuma sai bayan wata guda kake neman sa, ba ya zama a ka. Ashe wanda ya kawo wannan ƙa'ida ma ya janye. Bill Burr, ma'aikacin hukumar ma'auni ta Amurka, NIST, shi ya rubuta shawarar cakuɗa alamomi a 2003, kuma a 2017, bayan ya yi ritaya, ya faɗa wa jaridar Wall Street Journal cewa yana nadamar yawancin abin da ya rubuta. A shekarar nan hukumar ta sake ƙa'idojinta. Ta fifita tsawo a kan cakuɗa, ta kuma ce a daina tilasta wa mutane sauya kalma kowane ƴan watanni in babu alamar an sace ta, tunda abin da suke yi bai wuce mayar da 1 ta koma 2 a ƙarshe ba.

Lissafin malamin aji shida ma ya isa ya nuna dalili. Ƙananan haruffa takwas da aka zaɓa barkatai suna ba da zaɓi kusan miliyar 209. Kalmomi huɗu da aka zaɓa barkatai daga cikin kalmomi 2,000 suna ba da miliyar dubu 16. In ka ƙara ta biyar, ka ninka wannan sau 2,000. Kuma "rakumi tukunya hazo almakashi lemo" ta fi sauƙin riƙewa nesa ba kusa ba, don kana iya ganin raƙumin da tukunya a ka yana tafiya cikin hazo. Sharaɗin shi ne barkatai ɗin ya zama na gaske. Karin magana ba ta yi, aya ba ta yi, kirarin gari ba ya yi, domin duk abin da mutane suka saba faɗa a jere, zaɓi ɗaya ne wurin na'ura. Ni littafin karatun yara na ɗauka, na rufe ido ina buɗe shafi ina ɗora yatsa. Shawara ɗaya daga wanda ya sha wuya: a guji ƙ da ɗ da ɓ da ƴ. Ranar da ka ari wayar da ba ta da su, za ka tsaya a ƙofar gidanka da mabuɗin da ba ya shiga.

To amma jimla ɗaya ke nan, ni kuwa ƙofa bakwai gare ni, yanzu ma sun kai 20. Wani matashin malamin kwantiragi da aka kawo mana, wanda ya ɗan taɓa karatun kwamfuta, shi ya ce, "Mushe, ka daina wahalar da kanka, akwai ma'ajiyar kalmomin sirri." Manhaja ce da ke zama kamar akwatin ƙarfe a cikin waya. Ita ke ƙirƙiro wa kowane shafi kalmarsa daban, doguwa marar kai da gindi, ta ajiye, in ka zo shiga ta cika maka. Kai abin da ke kanka ɗaya ne, uwar kalmar da ke buɗe akwatin. Ya nuna mini iri uku. Akwai ta Google wadda ta riga tana cikin wayoyin Android, ba sai an sauko da komai ba. Akwai Bitwarden, kyauta ce, kuma rubutun da aka gina ta da shi a buɗe yake, masana na iya dubawa. Akwai kuma dangin KeePass, irin KeePassDX, wadda ke ajiye komai a fayil ɗaya cikin wayarka ba tare da intanet ba.

Na ɗauki ta biyun, kuma dalilina na nan gida ne. Abin da ya fi samun waya a Maradi shi ne a fizge ta a kan kabu-kabu, ko ta faɗa ruwa, ko wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙone ta a caji. Fayil ɗin da ke cikin waya kaɗai tare da ita zai tafi, sai in mutum yana da ladabin kwafe shi wani wuri, ni kuma na san halina. Wadda na zaɓa tana ajiye kwafi a kulle a intanet, tana kuma barin in karanta abin da ke ciki ko babu rezo, abin da ya yi mini amfani da na je ƙauye hutun damina. Ta Google ba ta da laifi ga wanda shi kaɗai ya san kalmar Gmail ɗinsa kuma wayarsa tana da makulli na kirki. Amma mu nawa ne haka? Rabinmu yaron rumfa ne ya buɗe mana, makullin wayar kuma zanen L ne da ɗan shekara huɗu a gidan ya iya.

Abin da ya fi gamsar da ni wani abu ne da matashin bai ma ambata ba, ni na lura da shi. Ma'ajiyar adireshin shafi take dubawa, ba ruwanta da ado. In shafi ya yi kama da Facebook ƙwabo da ƙwabo amma adireshinsa daban ne, ba za ta miƙo kalmar ba. Ni kuma yanzu ban san kalmar da ka ba, balle in rubuta ta cikin zumuɗin cikon kuɗi. Da ina da ita a watan Mayun nan, shirun da za ta yi shi zai sa in tsaya in duba.

Na yi gardama kafin in yarda, kuma har yau ban ce gardamar banza ce ba. Manomi ya san abin da ake nufi da tara hatsin shekara a rumbu ɗaya. A 2022 an shiga kamfanin LastPass, ɗaya daga cikin manyan masu wannan sana'a, kuma a watan Disamba suka amsa cewa ɓarayin sun kwashi kwafin akwatunan mutane. A kulle suke, amma tunda suna hannun ɓarawo yana da lokacin da zai yi ta gwaji, sai ya zama wanda uwar kalmarsa gajera ce shi ke cikin haɗari. Ga kuma ɗaya gefen: in ka manta uwar kalmar, kamfanin ba ya iya ba ka ita, don shi ma bai san ta ba. Na auna duka biyu, na ga rumbu ɗaya mai katanga da kwaɗon kirki ya fi abin da nake da shi a da. Amma ban zuba komai a ciki ba. Lambar katin banki da ta asusun kuɗi na waya a kaina suke, kowace daban, babu ranar haihuwar kowa a ciki. Na kuma kunna tabbaci na biyu a Gmail da sabon Facebook, na sa wa WhatsApp lambarsa ta sirri mai shida. Wannan ma da sharaɗinsa, domin in saƙon tabbacin ta layin waya yake zuwa, to layin ya zama da sunanka aka yi masa rajista, kada kuma ka bar shi ya daɗe a ajiye har a ba wani.

Sai maganar takarda. An daɗe ana ce mana kada a rubuta kalmar sirri, kuma gaskiya ne in a bayan kwalin waya ne ko a jikin tebur ɗin buro. Amma ɗan damfarar da ke wata ƙasa ba ya iya buɗe adakar ɗakina. Tun 2005 masanin tsaro Bruce Schneier yake ba da shawarar a rubuta a adana kamar yadda ake adana kuɗi. Na rubuta uwar kalmar, da lambobin ko-ta-kwana guda goma da Google ke bayarwa don ranar da waya ta ɓace, na sa a ambulan, na liƙe, na ajiye tare da difloma da takardar fili.

Abin da ya sa na yi haka ba mantuwa kaɗai ba ce. Shekara uku da suka wuce wani abokin aikinmu ya rasu a hatsarin mota. Shi ke riƙe da adashin malamai, kuma lissafin wanda ya zuba da wanda ya kwasa duk a wayarsa yake, haka ma basukan da ake bin sa da waɗanda yake bi. Wayar ta dawo gida lafiya, ko tsagewa ba ta yi ba, amma babu wanda ya san makullinta. Aka zo rabon gado, malamai suka ce sai an fitar da bashi tukuna, matarsa tana zaune cikin takaba mutane suna shigowa, wannan ya ce jaka 20, wancan ya ce 35, ba ta da abin da za ta duba ta gaskata ko ta musa. An biya kowa bisa rantsuwarsa. Ban ce wani ya yi ƙarya ba.

Don haka na kira mai ɗakina na nuna mata ambulan ɗin, na ce in ta Allah ta kasance, ita da ƙanena su buɗe tare. Ta juya shi, ta ga na liƙe na sa hannu a kan bakin, ta ce, "Malam, wato sai ka mutu zan san abin da ke cikin wayar nan?" Na ce ai babu komai ciki sai gurup ɗin malamai. Ta ce, "To Allah ya ja kwana." Maza masu karatu, na san abin da wasunku ke tunani, ni dai ban ce komai ba.

Inda abin ya gagare ni shi ne wurin waɗanda ba su yi boko ba. Manhajojin nan da Faransanci ko Turanci suke magana. Yayata mai sayar da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli tana karɓar kuɗi ta waya kullum, ba ta karanta ko harafi, in za ta cire kuɗi sai ta miƙa wa mai rumfa wayar ta faɗa masa lambar da baki. Babu ma'ajiyar da za ta gyara wannan. Abin da na iya yi shi ne na zauna da ita yamma biyu, kamar ƴar aji ɗaya, har hannunta ya saba da wurin maɓallan huɗu ta riƙa latsawa da kanta. Na kuma roƙe ta abu ɗaya, na ce, "Yaya, duk wanda ya kira ya ce a karanto masa lambar da ta shigo, ko ya ce daga kamfani yake, ko ya ce ni na aiko shi, ki kashe ki kira ni." Ta ce ai ita ba ta taɓa ba ɓarawo komai ba, mu masu karatu ne ke latse-latse. Ban sami amsa ba.

Ɗan ƙanen babana na biya shi jaka 15 ɗinsa a albashin Yuni. Ɗalibina na Kwatano kuwa sau biyu ina tura masa jaka 10, yana maido mini. Da ya zo Babbar Salla ya iske ni a gida, na sake ɗauko maganar, ya ce, "Mushe, in ka matsa sai in ɗauka ka yafe ni." Muka daidaita a kan in sayi tabarmi da alluna na ƴan aji ɗaya da kuɗin, don ajinsu na zana ne, a ƙasa suke zama. Kafin ya tafi na karɓi wayarsa na ce ya buɗe mini wurin makulli. Ya yi ƴar dariya, ya sosa ƙeya. Shi ma 1 ga Janairu aka haife shi.